Waya a Makaranta: A Kara da Kabo, Wayar Malam Ce Kwamfutar Makaranta

Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare a Kara, ranar da ya tashi yin rajistar JAMB, matakin farko a waya zai ɗauke shi. Zai rubuta lambarsa ta NIN ya tura saƙon tes zuwa 55019, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita. Layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa a wajen hukumar, wani ɗalibin ba zai sake yin rajista da shi ba, kuma ta wannan layin ne zai iya duba sakamakonsa idan ya fito. Ita kanta jarrabawar tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. WAEC ma ta fara bin sahu a farkon 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, sannan a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta kacokan daga 2026. 'Yan majalisar wakilai sun nemi a jinkirta, suna cewa makarantun karkara ba su shirya ba. Gaskiyarsu ne. To amma jinkiri dai jinkiri ne, abin na nan tafe.

Wannan ɗalibin kuma, idan aka ga waya a aljihunsa a harabar makaranta, ya shiga uku. A wasu makarantun a ƙwace ta sai ƙarshen zango. A wasu kuma, kun sha ganin bidiyon a Facebook da TikTok: a tara wayoyi a tsakar fili, a sa guduma, ko a tsoma su a bokitin ruwa, ɗalibai na tsaye suna kallo. Abin dariyar shi ne da waya ake ɗaukar bidiyon fasa wayoyin, kuma wayar malami ce.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, a makarantun gwamnati na Gwarzo da Kabo tambayar "a hana waya ko a bari" ta riga ta wuce mu. Wayoyin mutane ne ke tafiyar da makarantun nan tun tuni, ba tare da wata rubutacciyar ƙa'ida ba. Abin da ya rage shi ne a amince da hakan a fili, a kafa masa doka, a san wayar wa za ta shiga, da wane lokaci, kuma wa zai biya kuɗin data da caji.

Masu cewa a hana suna da hujja

Kada mu yi musu rashin adalci. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Holan ta fitar da wayoyi daga azuzuwan sakandare a farkon 2024. Brazil ta kafa dokarta a watan Janairun 2025. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu na da doka ko tsarin hana waya a makaranta, ya kuma ja kunne cewa kada a shigar da na'ura aji sai idan tana taimakon karatu a zahiri.

Akwai wani bincike da ya kamata duk mai son waya ya sani, ko da ba zai yi masa daɗi ba. Louis-Philippe Beland da Richard Murphy sun duba sakamakon jarrabawa a makarantun birane huɗu na Ingila, kafin a hana waya da bayan an hana, suka fitar da shi a 2015. Sakamako ya ƙaru bayan hanin, kuma waɗanda suka fi amfana su ne ɗalibai masu rauni. Masu ƙoƙari kusan babu abin da ya canza musu. Ma'ana, yaron da dama can karatu ke ba shi wahala shi ne waya ta fi cinyewa. Daga baya an gwada irin wannan bincike a Suwidin ba a ga wani bambanci ba, don haka maganar ba ta zama yankan shakku ba. Amma ni na ɗauki darasin Ingila da muhimmanci, domin ajinmu cike yake da masu rauni. Duk wanda ya taɓa buɗe waya da niyyar duba ma'anar kalma ɗaya ya farga bayan minti arba'in yana kallon barkwancin TikTok ya san abin da ake faɗa. Manhajojin nan injiniyoyi ne suka zauna suka ƙera su don su riƙe ido. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba zai yi kokawa da su ya ci ba, mu manya ma ba mu ci ba.

Inda na rabu da masu kwafo dokar Turai shi ne a nan. Makarantar da ta hana waya a Faransa tana da ɗakin kwamfuta, da ɗakin karatu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da littafi a hannun kowane yaro. Idan ta karɓe wayar ɗalibi, abin wasa ta karɓe. Ka bi titin Kano zuwa Gwarzo, ka wuce Rimin Gado, ka ratsa Garo da Kabo, ka shiga Getso, Kutama, Lakwaya, Kara, ka leƙa makarantun jeka-ka-dawo ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa, ba waɗanda ke rubuce a takardar kaya ba. Sannan ka ƙirga wayoyin Tecno, Infinix da itel da ke aljihun malamai. A nan idan ka ce babu waya kwata-kwata, ka ce babu kwamfuta kwata-kwata ke nan, sai ranar da yaro zai zauna gaban allon JAMB yana neman inda ake dannawa, agogo na tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wayar da ba a maganarta

Duk hayaniyar a kan wayar ɗalibi ake yi, alhali wadda ta fi aiki a makaranta ita ce ta malami. Sanarwa daga ofishin shiyya ta WhatsApp take zuwa. Jerin sunayen masu zana jarrabawar kwalifayin da ake yi wa 'yan aji biyar a Kano, da hotunansu, da gyaran sunan da aka rubuta ba daidai ba, duk ta wayar wani malami suke bi. Malamin bayoloji da ba shi da hoton zuciya a bango, a wayarsa yake nemowa ya zana a allo. Malamin Turanci a nan yake duba yadda ake furta kalma. Malamar lissafi a nan take sauke tambayoyin shekarun baya. Babu wanda ya saya musu wayar, babu wanda ke sa musu data. Da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ƙarin kai-tsaye ya faɗa kan albashin malamin da ke yi wa gwamnati aiki da wayarsa. A kamfanonin ƙasashen waje, idan aka ce ma'aikaci ya zo da na'urarsa, akan rubuta yarjejeniya, a wasu wuraren har a biya shi wani abu. Mu a nan an ɗauki tsarin an bar biyan.

Saboda babu ƙa'ida, ɓarna ma na da hanya a buɗe. Zan faɗe ta, malamai su yi haƙuri.

Akwai malamin da zai ba monita littafi ya kwafa a allo, shi kuma ya koma bakin taga yana hira a waya har a kaɗa ƙararrawa. Ɗalibai na gani. Da wane baki zai ce musu waya na hana karatu? Akwai mai ɗaukar bidiyon yaron da ya kasa karanta jimla, ko yarinyar da ta yi kuskuren Turanci, ya ɗora don mutane su yi dariya, shi kuma ya tara mabiya. Wannan yaron ɗan wani ne, kuma bidiyon zai fi shekarunsa na makaranta daɗewa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar uba ko uwa ko mai kula da yaro ake sarrafa bayanansa. Ta yi sassauci ga abin da ya shafi aikin ilimi, amma ɗora fuskar ɗan mutane a TikTok ba aikin ilimi ba ne. Sai kuma wadda ta fi muni, malami namiji da ke karɓar lambar ɗaliba da sunan zai turo mata darasi, hira ta koma ta dare. Iyaye a Gwarzo da Kabo sun san da wannan, kuma yana cikin dalilan da suke jin kalmar waya da makaranta a jimla ɗaya sai gabansu ya faɗi.

Akwai kuma asarar da ba ta da mai laifi. Makin gwajin zango na aji guda yana cikin wayar malami ɗaya. Aka yi masa canjin wurin aiki, ko wayar ta faɗa ruwa, ko aka fizge ta a kasuwa, shi ke nan. Makarantar da ke da adireshin imel nata na kanta, da ma'ajiyar Google Drive wadda shugaban makaranta da mataimakinsa ke riƙe da kalmar sirrinta, ta tsira daga wannan. Kyauta ne, gigabayit 15, kuma ya ishi takardun makaranta na shekaru. Aikin rabin awa ne, amma sai an sa shi a doka kafin a yi.

Don haka gyara daga malami zai fara. Wayarsa kayan aiki ce, a rubuta haka. Hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta jiha da SUBEB su ware kuɗin data na wata-wata ga malaman da aka ɗora wa aikin tura bayanai, ko da kaɗan ne. A madadin haka malami ya sa hannu: babu hira ko kira na kansa a lokacin darasi, babu ɗaukar hoton ɗalibi sai na aikin makaranta, babu saƙo tsakaninsa da ɗaliba ko ɗalibi a keɓe. Duk abin da zai tura ya tura a zauren aji, inda akwai iyaye da wata malama ko mataimakin shugaban makaranta.

Me zai hana mu jira gwamnati ta raba kwamfuta?

Mun ga wannan fim ɗin. A 2007 aka kai ƙananan kwamfutocin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro wata firamare a Galadima, a gefen Abuja. Duniya ta yi ta yayatawa. Ba a jima ba rahotanni suka fito cewa yara na buɗe shafukan batsa da su, sai da aka sa matattara. Kwamfutoci miliyan ɗaya da aka yi ta cewa Najeriya za ta saya ba su zo ba. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola a Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare allunan Opon Imo, ɗauke da littattafai da tambayoyin shekarun baya. Tunani ne mai kyau, amma yau ba ka jin ɗuriyarsa. Na'urar da gwamnati ta raba tana da ciwo guda: idan batir ya kumbura ko gilashi ya fashe, ba ta da mai ita. Wayar da mutum ya saya da guminsa kuwa, gobe da safe tana wajen mai gyara, in ta gagara a Gwarzo a aika ta Farm Centre.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma shi da kansa ya yi maganar yaran da ke zama a ƙasa da azuzuwan da suka lalace da ƙarancin malamai. Idan kuɗi ya samu, rufin aji da benci da ɗaukar malamai su ne a gaba, kuma daidai ne su kasance a gaba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, yana da ɓangaren koyar da 'yan mata fasahar zamani, amma ba kowace makaranta zai kai ba. Yaron da ke aji biyar yau ba zai jira a gama duk wannan ba. Shekara ɗaya ta rage masa.

Misalin da ya fi kama da mu daga maƙwabta yake, kuma da Hausa aka yi shi. A 2009 da 2010, a ƙauyukan Dosso da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyukan aka ƙara abu ɗaya: koyar da amfani da ƙaramar waya, irin wadda muke kira rakani-kashi, aka ba kowane rukuni na mutum biyar waya guda. Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi sawu, suka tarar ƙauyukan da aka sa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Manya ne ba yara ba, kuma wayar ba ta da TikTok, wannan gaskiya ne. Abin da na ɗauka a ciki shi ne tsarin: waya ɗaya, mutum biyar, malami na tsaye, aiki sananne. Ba a jira kowa ya mallaki tasa ba.

Yadda zai yiwu a makaranta irin ta Kara

Firamare da ƙaramar sakandare, babu wayar ɗalibi. A nan ina tare da Faransa ɗari bisa ɗari. Yaron da bai iya karanta sakin layi ba, allo da alli da malami yake buƙata. Idan akwai abin nunawa, malami ya nuna a tasa.

Aji biyar da aji shida su ne maganar. A ware musu darasi biyu a mako, a rubuta a jadawali kamar yadda ake rubuta lissafi. Ranar da ke da wannan darasi, mai waya ya zo da ita, ya miƙa ta a ofis da safe, a rubuta sunansa da irin wayar a littafi, a kulle a akwati. Lokacin darasi a fito da su, a raba aji rukuni-rukuni, biyar ko shida a kan waya ɗaya. An tashi darasi, su koma akwati sai lokacin tashi. A ce aji na da ɗalibai 80, waya 16 ta isa. Ba a buƙatar kowa ya kawo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan darasi ba ya buƙatar data, kuma bai kamata a bar shi ya buƙace ta ba. Malami ya sauke abin da ake so sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, ya tura wa sauran ta Xender ko Quick Share, kamar yadda kuke tura wa juna finafinan Kannywood da fassarar Indiya. Wayoyin aji a sa su a yanayin jirgin sama, ko a cire layin gaba ɗaya. Akwai manhajojin gwajin JAMB da ke aiki ba intanet. Kiwix na ba ka damar ajiye Wikipedia a memori ka karanta ba data, har da ta Hausa. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta ƙera kyauta, ana ɗora ta a kan tsohuwar kwamfutar cinya guda, ta riƙa raba darussa ga wayoyin da ke kusa ta waya-fai ba tare da intanet ba. Ga kuma Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai darussa bisa manhajar karatun ƙasa, wasu da Hausa.

Android na da wani saiti da ake kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, yana ƙarƙashin ɓangaren tsaro. Idan aka kunna shi tare da neman lambar sirri, yaro ba zai iya fita daga manhajar darasi ya leƙa wani wuri ba sai an buɗe masa. Minti biyu ake koyon sa. Ban ga dalilin da zai sa malamin da ke riƙe da guduma bai san da shi ba.

Sai abin da na fi so a duk maganar nan. Waya ba kwamfuta ba ce, kuma yaron da ya ƙware a shafa gilashi da yatsa zai iya daburcewa a gaban kibod da linzami. Maganin wannan ɗan ƙaramin abu ne da ake kira OTG, wanda ake samu a kusan duk shagon kayan waya. Ka soka shi a ramin caji, ka haɗa kibod na kwamfuta ko linzami, yawancin wayoyin Android za su karɓa nan take. A wasu wayoyin Tecno da Infinix sai ka shiga saiti ka kunna OTG tukuna. Kibiya za ta bayyana a fuskar wayar kamar a kwamfuta. JAMB ta tsara jarrabawarta yadda za a iya yin ta da maɓallai kaɗan: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Kibod biyar na hannu da OTG biyar, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya saye a zama ɗaya, kuma yaro ya shiga ɗakin jarrabawa hannunsa ya san inda haruffa suke.

Caji fa? Bari mu yi lissafi. Batir mai 5000mAh yana ɗaukar wajen wat-awa 19. Farantin sola mai wat 100, a ranar Gwarzo, ko an cire asarar zafi da ƙura da ta batir, zai ba da abin da ya kai wat-awa 300 a wuni. Wannan cajin waya goma sha biyar ne daga sifili zuwa cikawa, kuma darasin minti arba'in ba ya cin ko rubu'in batir. Faranti ɗaya da ƙaramin batir sun ɗauke wa malamai kuɗin mai caji, sun ɗauki wayoyin aji. Lokacin hunturu sai an riƙa goge farantin, ƙura na rage masa ƙarfi sosai.

Wanda ba shi da ita

Babban haɗarin cewa kowa ya zo da tasa shi ne ya raba aji gida biyu: ɗan mai shago da ɗan mai noman kadada ɗaya. Wannan ne ya sa na nace a kan rukuni. Dole kuma a rubuta a doka cewa ba za a ba da aikin gida da sai da waya ake yin sa ba, ba za a ba da maki don an kawo waya ba, ba za a tura sanarwar jarrabawa ta WhatsApp kaɗai ba tare da an rubuta a allo ba. Mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin korona. Da aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali a birni suka ci gaba da darasi ta intanet, yaran karkara kuwa rediyo ne ya cece su, waɗanda ya ceta.

'Yan mata su ne za a fi bari a baya idan aka yi sakaci. A gidaje da yawa a yankin nan saurayi na iya riƙe waya tun yana aji uku, ƙanwarsa ko yayarsa kuwa sai ta yi aure, ko sai wani ya kawo mata a matsayin toshi, wanda shi ma wata matsalar ce. Uban da ya hana 'yarsa waya ba maƙiyin ilimi ba ne, yana tsoron abin da ya gani ne. Kada makaranta ta yi faɗa da shi. Ta ce masa 'yarka ba sai ta mallaki waya ba, za ta taɓa ta ne a aji, sau biyu a mako, babu layi a ciki, malama na tsaye. Uba da yawa zai yarda da wannan. Idan ba a yi haka ba, ranar jarrabawa ɗan'uwanta ya saba da allo, ita kuma ranar ce farkonta.

A tuna kuma ƙa'idar NCC ta ce sai ɗan shekara 18 ke yin rajistar layi da sunansa. Yawancin 'yan aji biyar ba su kai ba. Layin da ke wayarsu na uba ne, ko na uwa, ko na yaya, kuma sau da yawa wayar ma ta gidan ce. Malamin da ya fasa ta, dukiyar wani magidanci ya fasa, wataƙila da ita ake karɓar kuɗin da ɗansa ke turowa daga Legas ko Fatakwal. Hukunci ya zama ƙwacewa, a rubuta, a kira uba ya zo ya karɓa da kansa. Kunyar zuwan uba ta fi guduma tasiri a wajen yaron Bahaushe. Wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa kuwa, wannan satar amsa ce, hukuncinta daban, kuma babu mai roƙa masa.

Makarantun kwana na da tasu damuwar. Gwarzo na iyaka da jihar Katsina, kuma tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, uwar da 'yarta ke makarantar kwana ba ta barci da ido biyu. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da wasu manyan makarantu na wani lokaci saboda tsaro, har da makarantar nazarin muhalli ta Kano Poly da ke Gwarzo. Iyayen da ke ɓoye wa yaro ƙaramar waya a cikin garin kwaki suna da dalili. Ni dai ban goyi bayan babbar waya a ɗakin kwana ba, domin barci take ci, kuma a nan ake ɗaukar hotunan da ke zama abin kunya. Amma a ajiye ƙaramar waya ta makaranta a hannun mai kula da kowane gida, iyaye su san lambar, a sa ranar kira. Idan akwai halastacciyar hanya, ta ɓoye za ta ragu.

Wannan duk ba sai an jira takarda daga Kano ba. Shugaban makaranta, da kwamitin SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, da mai unguwa ko dagaci, za su iya zama su rubuta shafi ɗaya su manna a ƙofar ofis.

Ku kuma da kuke karanta wannan a wayoyinku, da yawanku kun gama sakandare a Gwarzo ko Kabo ko Ƙaraye, kuna Kano ko Abuja kuna canza waya duk shekara biyu. Tsohuwar tana cikin durowa, gilashinta ya ɗan tsage, batirinta na kai rabin wuni. Ta ishi rukunin mutum biyar. Kafin ka kai ta, kwashe hotunanka da lambobinka, cire layi da memori, sannan ka shiga saiti ka cire asusunka na Google tukuna, kafin ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan aka goge waya da asusun a ciki, tana iya kullewa ta ce sai an sa tsohuwar kalmar sirrinka, makaranta ta rasa yadda za ta yi da ita. Ka haɗa da caja mai kyau, ka miƙa wa shugaban makaranta hannu da hannu, a rubuta lambar IMEI ɗinta a littafin kayan makaranta a gabanka. Ana ganin lambar idan aka danna *#06#.